Ba Maroƙi Ke Naɗa Gwani Ba: Martani Kan Batun Gérard Mourou

Kwanakin baya wani marubuci ɗan cikin birni, wanda masu karatun Hausa suka saba da alƙalaminsa, ya fitar da maƙala a kan Gérard Mourou, Bafaranshen nan masanin hasken leza da ya samu kyautar Nobel ta fiziks a 2018. Maƙalar ta yi farin jini, ta zaga wayoyi, ta shiga hirar majalisun dare daga Mandawari har Yakasai. Abin da malam ya ce a taƙaice shi ne, darajar masani ita ce sunansa. Mourou ya isa, shi ya sa duniya ta san shi, wanda kuwa duniya ba ta sani ba to bai isa ba ne. Daga nan ya juyo gida, ya ce jami'o'in Kano sun cika da farfesoshi amma babu ko ɗaya da mai shayi zai iya kama sunansa, kuma wannan a wurinsa shaida ce cewa takardu ake da su, ba masana ba. Maganin da ya rubuta: gwamnati da attajirai su kafa manyan kyaututtuka, a riƙa bukukuwan karramawa, a cika rediyo da sunayen masu bincike, har Allah Ya kawo ranar da Kano za ta haifi nata Mourou.

Ciwon da malam ya taɓa na gaske ne. Sai dai shaidan da ya kira kotu, da za a bar shi ya yi magana, a kansa zai ba da shaida.

An haifi Mourou a 1944 a Albertville, wani ƙaramin gari a gindin duwatsun Alps. Ya gama digirin digirgir a Paris a 1973, daga baya ya koma Amurka, ya zauna a Jami'ar Rochester da ke jihar New York. A wancan zamanin masu aikin leza sun kai maƙura. Abin da suke nema shi ne walƙiyar haske gajeriya ƙwarai, mai tsananin ƙarfi, amma da zarar ƙarfin ya kai wani mizani sai hasken ya lalata na'urar da ke ƙara masa ƙarfin. Kamar a ce za a tura garken shanu dubu ta Ƙofar Mazugal a lokaci ɗaya: ko ƙofa ta rushe, ko shanu su kakkarye. Dabarar da Mourou da ɗalibarsa Donna Strickland, 'yar Kanada, suka fito da ita a 1985 irin ta makiyayi mai hankali ce. A jera shanun su bi ɗaya bayan ɗaya, kowace a ba ta dusa ta ƙoshi a hanya, in sun ɓulla ta ɗaya gefen a sake tara su wuri guda. Wato a miƙar da walƙiyar ta yi tsawo don kaifinta ya sauka, a ɗura mata ƙarfi ba tare da ɓarna ba, sannan a sake matse ta ta koma gajeriya, ƙarfin ya dunƙule. Zaren gilashin da suka miƙar da hasken a cikinsa tsawonsa kilomita 1.4 ne. Rahoton da suka rubuta shafi uku ne kacal, a wata mujalla mai suna Optics Communications, wadda ba ta cikin manyan da ake rububin shiga. Shi ne kuma rahoton bincike na farko da Strickland ta taɓa wallafawa a rayuwarta.

Daga 1985 zuwa 2018 shekara 33 ke nan. A duk tsawon wannan lokaci mai sayar da burodi a Paris ba shi da dalilin sanin wani Mourou, kamar yadda mai shayin malam bai san farfesoshin Kano ba. Waɗanda suka san shi su ne masu ɗakunan gwaji, kuma hanyar da suka nuna sun san shi ita ce suka ɗauki dabararsa suka yi aiki da ita, har ya zama kusan duk wata babbar na'urar leza mai tsananin ƙarfi a duniya a kanta aka gina ta. A 1990 Jami'ar Michigan ta ba shi damar kafa cibiyar binciken haske mai tsananin sauri. Ƙungiyar masana haske ta Amurka ta ba shi lambar R. W. Wood a 1995, ta ba shi ta Charles Townes a 2009, ta ba shi ta Frederic Ives a 2016, lambobin da ba gidan rediyon da ke katse shiri don ya sanar da su. Da ya kawo shawarar Turai ta gina manyan cibiyoyin leza da ake kira ELI, an saurare shi, an gina su a ƙasashen Cek da Hungari da Romaniya da ɗaruruwan miliyoyin Yuro. Ba a zuba irin wannan dukiya a kan maganar mutum sai tsaransa sun tsaya masa.

A cibiyar Romaniya, da ke garin Măgurele kusa da Bukarest, an kai ƙarfin fetawat 10 a 2019. Don mai karatu ya kwatanta: wutar da tashoshin Najeriya gaba ɗaya ke turawa a rana mai kyau ba ta cika wuce megawat dubu biyar ba, ita kuwa waccan walƙiya ta ninka wannan sau miliyan biyu. Sai dai tsawon ranta bai kai a kira shi ƙiftawar ido ba, domin ana auna shi ne da kashi ɗaya cikin miliyan sau biliyan na daƙiƙa.

Ita kanta Nobel ɗin da malam ya mai da ita ma'auni, ba jama'a ke zaɓe ba. Masanan da aka aika wa takardar gayyata ne ke ba da sunaye, mutum ba ya ba da sunan kansa, kuma ana rufe bayanan zaɓen shekara 50. Hukuncin abokan sana'a ne da ya daɗe da yankuwa, sanarwar ce kawai ke makara. Arthur Ashkin, wanda ya ɗauki rabin kyautar ta 2018, yana da shekara 96 ta iske shi.

Labarin Strickland ya fi kowanne ƙaryata maƙalar. A 2013 tsaranta suka ɗora ta shugabar ƙungiyar masana haske ta Amurka, kujerar da ba a ba ɗan koyo. Amma a watan Mayun 2018, da wani ya rubuta mata shafi a Wikipedia, sai aka ƙi karɓa, bisa dalilin cewa ba a nuna an yi isasshen rubutu a kanta ba. A jami'arta ta Waterloo ma ba ta kai cikakkiyar farfesa ba a lokacin. Wata biyar bayan haka, ranar 2 ga Oktoba, aka kira sunanta daga Stockholm ta ƙasar Sweden, inda ake ba da Nobel, ta zama mace ta uku da ta taɓa samun Nobel a fiziks, bayan Marie Curie a 1903 da Maria Goeppert Mayer a 1963. In aka bi ma'aunin malam, ranar 1 ga wata matar nan ba masaniya ba ce, washegari da hantsi ta zama. Alhali ba abin da ya ƙaru a kanta cikin daren, sai kiran waya.

Ga kuma Theodore Maiman, mutumin da ya fara kunna leza a duniya, ranar 16 ga Mayun 1960, da ɗan guntun dutsen yaƙutu a ɗakin binciken kamfanin Hughes da ke Kalifoniya. Ya rasu a 2007 bai samu Nobel ba. Duk ɗalibin fiziks ya san shi, ba don an yi masa biki ba.

Shi kansa Mourou, suna bai zo masa da alheri zalla ba. Kwanaki kaɗan da sanar da kyautar aka tono wani faifan bidiyo da aka yi shekaru baya don tallata shirin ELI, inda aka ga shi yana rawa a ɗakin gwaji tare da 'yan mata suna tuɓe fararen rigunan aiki. Masana da yawa, musamman mata, suka yi tir, har ya fito ya ba da haƙuri. Da akwai wanda bai taɓa jin labarin walƙiyar da aka miƙar aka matse ba, amma ya san faifan. Wannan ma ai suna ne. Kuma a lura, faifan ƙoƙarin talla ne, irin maganin da malam ke rubuta wa Kano.

Abin mamakin shi ne a ce ɗan cikin badala ne ya rikita suna da daraja, alhali garin da ya haife shi ya raba su tun kafin a san Sweden za ta yi wata kyauta. A shiga kowace tsangaya a tambaya yaya ake zama gwani. Yaro ya fara yana kolo, ya zama titibiri, ya zama gardi, ya sauke, ya koma ya yi hadda, ya shiga satu yana rubuta allo da ka. Daga nan sai darasu, inda alarammomi ke zama a da'ira a ɗauko allon mutum a bi shi harafi-harafi. Wasali bisa da ya kamata ya zama rufu'a, ɗauri da aka manta, ɗigon da ya goce, ba wanda ke tsira. A jefo masa kalma a ce sau nawa ta zo a Alƙur'ani, a ina da ina, wace ce ta yi kama da ita amma ta saɓa. Mutum yana iya yin shekara ashirin ana ce masa gwani a ƙauyensu, ya zo zama ɗaya a gaban masu abin, ya tashi ya san bai kai ba. Wanda kuma ya rubuta Alƙur'ani sukutum da ka, aka duba aka rasa abin gyara, su alarammomin ne za su ce ya isa, su naɗa masa rawani. Attajirin unguwa yana iya yanka sa ranar walima, maroƙi yana iya cika layi da kirari, amma ba ɗayansu da ake tambaya ko allon ya yi daidai. Abin da Turawa ke yi kafin su buga rahoton bincike, su aika wa masana biyu ko uku su tsefe shi, darasu ne da wani suna.

Haka abin yake a zaurukan ilimi. Madabo, unguwar da ake danganta asalin karatunta da Wangarawan da suka zo Kano zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14, ta yi fice ne da karatun Mukhtasar na Khalil, kuma ɗalibai daga garuruwa masu nisa ne suka yanke mata wannan hukunci da ƙafafunsu. Da Malam Muhammadu Salga, wanda shi ma a Madabo ya yi karatu, ya saɓa wa malamansa a kan wasu al'adun jana'iza da sadakokin mamaci, ba a kai maganar kasuwa a ƙirga wa ya fi magoya baya ba. Rubutu aka yi, aka mayar da raddi, kowa ya buɗe littafi ya kawo nassi. Yau in ana maganar girman Malam Salga, abin da ake fara ambata shi ne waɗanda suka fito daga zaurensa: Shehu Tijjani Usman na Zangon Barebari, Shehu Abubakar Atiku na Sanka, Shehu Sani Kafinga. Har gobe in baƙon malami ya sauka a birni, dattawa tambaya biyu suke yi a hankali: a wajen wa ya yi karatu, kuma wa ya yi karatu a wajensa? Da za a yi wa Mourou tambaya ta biyu, amsar tana tsaye kusa da shi a dandalin Stockholm.

Mai maƙalar ya ce ƙasar Hausa ba ta taɓa fitar da masanin lissafi ko kimiyya da waje ta san da shi ba. A nan ma ya yi sauri. Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashnawi, mutumin Katsina, ya tafi hajji ya zarce Masar, ya rubuta littafi a kan lissafin hatimi wajen 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, ɗaya daga cikin manyan masana lissafi da falaki na birnin a lokacin. Ɗan mai gidan, Abdurrahman al-Jabarti, shi ne shahararren marubucin tarihin Masar, kuma ya sa Bakatsinen a littafinsa cikin malaman da mahaifinsa ya ɗauki ilimi a wurinsu. Ba lambar yabo, ba biki. Babban malamin Alƙahira ne ya sauke baƙo a gidansa ya zauna ya koya.

Na kusa-kusa kuma, wanda ya fi dacewa a ajiye kusa da Mourou tunda dukansu a Faransa suka yi karatu, shi ne Abdou Moumouni Dioffo. An haife shi a Tasawa ta jihar Maraɗi a 1929. A 1956 ya ci jarrabawar agrégation a fiziks, wadda Faransawa kansu ke jin tsoronta, a lokacin da ƙasarsa ba ta ma samu 'yanci ba. Ya koma gida ya riƙe ofishin binciken makamashin rana na Nijar, ONERSOL, daga 1969, yana ƙera na'urorin dafa ruwa da girki da injin da zafin rana ke juyawa, tun duniya ba ta ɗauki sola da muhimmanci ba. Ya shugabanci Jami'ar Yamai, ya rasu a 1991, aka sa wa jami'ar sunansa a 1992. Dubban ɗalibai daga Kano da Katsina sun ji sunan jami'ar, kaɗan ne suka san mai sunan masanin fiziks ne. Ga suna a kan ƙofa, babba, da manyan haruffa, kuma bai sanar da kowa aikin mutumin ba.

Gaskiya ɗaya da ya kamata a ba malam ita ce, suna yana da amfaninsa. Yarinyar da ke aji uku a sakandare a Gwale, in ta ji cewa mace ta ci Nobel da aikin da ta yi tana ɗaliba, wani abu na iya motsawa a zuciyarta. Kuma abokan sana'a ba mala'iku ba ne. Su ne suka mayar wa Maiman rahotonsa na farko daga mujallar Physical Review Letters, sai Nature ce ta buga shi. Su ne suka ba Otto Hahn Nobel ta 1944 suka tsallake Lise Meitner da suka yi aikin tare. Hassadar malamai kuwa ba sai an ba Bakano labarinta ba. Amma duk inda aka gyara irin wannan kuskure, wasu masanan ne suka koma suka duba aikin suka gyara, ba taron jama'a ba.

Batun kafa kyaututtuka kuma, an riga malam. Kamfanin iskar gas na NLNG ya kafa kyautar kimiyya ta Najeriya tun 2004, kuɗinta ya kai dala 100,000, kuma akwai shekarun da alƙalanta suka duba abin da aka kawo suka ce ba wanda ya cancanta, suka mai da kuɗin aljihu. Marigayi Farfesa Andrew Nok na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya ci ta a 2009 da bincikensa kan ƙwayar cutar sammore, mai kashe shanu tana sa wa mutane ciwon barci. Kyautar ta iske aikin ne a gaba, bayan shekaru yana fama a ɗakin gwaji, masana a Jamus da Japan sun riga sun san shi. Ban da wannan, lambar yabo ba ta cikin abin da ya yi ƙaranci a ƙasar nan. Kusan kowane ƙarshen mako akwai ɗakin taron da ake miƙa wa wani allon gilashi, ana kiransa gwarzon shekara, sau da yawa shi ya biya kuɗin ɗakin da na abinci. A ƙara wa wannan kasuwa rumfar masana kimiyya, abin da za a samu shi ne masanan da suka iya shiga hoto.

Abin da ya yi ƙaranci shi ne da'irar darasun da kayan zamanta. Mai binciken haske yana bukatar teburin da ba ya girgiza, ɗakin da zafinsa ba ya hawa da sauka, wutar da ba ta ɗaukewa a tsakiyar awo, da ɗaliban da za su yi shekara huɗu a jere ba a rufe makaranta ba. A 2020 yajin aikin malaman jami'o'in tarayya ya ci wata tara, a 2022 ya ci wata takwas. Yana kuma bukatar tsara a kusa, mutum biyar ko goma da suka san fannin sosai har za su iya ce masa lissafinka ya karkace a layi na uku. Inda masani ya kasance shi kaɗai ne a fanninsa a jiha guda, ba mai gyara masa allo, ba kuma mai shaidar ya yi daidai. Shi ya sa da yawa daga cikin haziƙan da Jami'ar Bayero ta yaye, irin su Farfesa Abba Gumel masanin lissafin yaɗuwar cututtuka, a jami'o'in Kanada da Amurka aka san darajarsu. Ba kirari suka bi can ba.

Yadda dabarar Mourou ta shiga asibiti ma ta ishi misali. A 1993, a ɗakin gwajinsa na Michigan, hasken leza ya kuskure ya bugi idon wani ɗalibi. Aka kai shi asibitin ido na jami'ar. Likitan da ya duba shi, Ron Kurtz, ya ga tabon da hasken ya bari ya fita tsaf, gefensa a yanke kamar da reza, naman da ke kewaye bai ƙone ba. Maimakon ya rubuta magani ya sallame shi, sai ya tambaya wace irin na'ura ce ta yi wannan. Ya bi ɗalibin har ɗakin gwaji. Daga wannan tambaya aka kafa kamfanin IntraLase a 1997, kuma yau miliyoyin mutane an gyara musu gani da irin wannan haske ba tare da wuƙa ta taɓa idonsu ba. Daga tsohuwar harabar Jami'ar Bayero zuwa Asibitin Murtala da ke Ƙofar Mata tafiyar 'yan mintoci ce a Adaidaita Sahu. Likitocin ido akwai su, ɗaliban fiziks akwai su. Na'urar da za su taru a kanta su yi gardama ita ce maganar da maƙalar malam ba ta taɓo ba ko a layi ɗaya.

Ɗalibin da hasken ya buga sunansa Detao Du. Shekara guda bayan haɗarin, a 1994, masu ɗakin gwajin Mourou suka wallafa rahoto kan yadda gajeriyar walƙiya ke huda gilashi ba tare da ta ƙona kewayensa ba, rahoton da masu wannan fanni ke ambata har yau. Sunaye biyar ne a samansa. Na Du ne na farko, na Mourou na ƙarshe, kamar dai yadda na Strickland ya riga nasa a 1985.